Rigar da Ta Ƙi Zuba

"Lafiya ƙalau, amarya. Ya gida, ya tsufa?"

"Tsufa na gaishe ka, ya ce kana hanya. Shigo, mijin da ba kwana ba cefane."

Mudathir ya sunkuya ya shiga ɗakin kakarsa, Dada Fadimatu, a Dawaki. Tun da mijinta Malam ya rasu gidan ya yi mata faɗi. 'Ya'ya sun watse, wani Abuja wani Yola, jikan nan kaɗai ya rage mata a Gombe, shi ma gidan kallon ƙwallo ya ƙwace shi. Rabonta da shi tun ƙaramar salla. Kewa na cin ta, amma Dada ba ta iya roƙo ba, sai ta biyo masa ta inda ya fi rauni: ta aika cewa ta sayo masa rigar Zaharadeen Kumo, ɗan wasan da ke bugawa a Turai, da sa hannunsa a ƙirji. Ai kuwa ga shi ya zo kafin la'asar.

"Ina rigar? Ko yaudarar tsofaffi ce?"

"Sauri ya haifi nawa. Zauna mana, tabarmar ba ta cizo."

Ta buɗe akwati ta fito da ita a ninke, tana ƙamshin turaren wuta. Ya baza ta a cinya, ya fito da waya yana gwada rubutun da wani hoto.

"A ina kika samo?"

"Wani shago a Tudun Wada. Mai shagon har rantsuwa ya yi."

"Ya ba ki takardar shaida? Ko hoton lokacin da ake sa hannun?"

"Takarda? Aure zan ɗaura da rigar?"

"Dada, kin yi cinikin biri a sama."

"Birin gidanku. Ni da ba a taɓa cutata a atamfa ba? Da kaina na gwada ta. Na jiƙa a ruwan omo, na cuɗa wurin rubutun sai da hannuna ya yi ja, na shanya a rana. Ko ɗigo bai zuba ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Mudathir ya kwanta a tabarma yana dariya har da riƙe ciki.

"Ai nan aka kama ki, tsohuwa. Wanda mutum ya sa da alƙalami, in ya sha irin wannan cuɗa dishewa yake. Wannan da ya ƙi motsi, inji ne ya buga shi tare da lambar baya."

"Wato mai zuba ita ce ta gaske?"

"Ita ce."

"To duniya ta kife. Shi ya sa aka ba ni kai a miji, ga kyan gani, ba auki."

"Ni ne ba auki? Matar da haƙori uku suka rage mata, su ma ba sa ga maciji?"

"Da ukun nan na cinye kajin kakanka, bai taɓa ƙorafi ba."

Ta yi maganar tana murmushi, amma hannunta ya riga ya kai kan rigar tana ninkewa. Ba jabun ne ya dame ta ba. Ta san yanzu zai miƙe, kuma ba ta da wani abin da za ta sake kiransa da shi, sai dai ta jira babbar salla.

"Bari gobe in mayar masa da kayansa," ta ce. "Tashi ka tafi, kar a fara wasan ba kai."

Bai tashi ba. Ta ga idonsa ya tsaya kan talabijin ɗin Malam, wanda ta lulluɓe da zane tun ranar sadakar bakwai. Sai ya fizge rigar ya zura ta a kan kaftaninsa.

"Wa ya ce a mayar? Ba a yanke hukunci da wanki ɗaya. Sai an sa ta an kalli wasa, a yi gumi a ciki, a sake dubawa. Binciken nan zai kai ƙarshen kakar wasa."

"To ka tafi da ita."

"In shiga gidan kallo da rigar da aka cuɗa da omo, a yi mini ihu? A nan za ta zauna. Duk Asabar in zo in sa abata. Wannan akwatin yana aiki kuwa?"

"Ya fi ka aiki."

"Fura fa?"

"Ka ji ɗan nema. An ce yaba kyauta tukuici, shi kuma ƙari yake nema."

Dariya ta ƙwace mata. Ta miƙa masa ƙwaryar furar da ta dama tun hantsi, ta dafa bango ta je ta yaye zanen talabijin.

"Asabar ɗin da ka fasa," ta ce, "kai zan jiƙa a omo."