Kwangilar Igiyar Rataya

Ranar Talata da hantsi Na'Allah mai igiya ya hau kan benci a kasuwar raguna ta Agege ya yi shela: “Daga yau na bar wuyan rago, na koma wuyan manya. Gwamnati ce ta neme ni da kanta!”

Ka san gwamnatin? Wani gandiroba ne ɗan Filato, Oga Gyang, mai Hausar tsintuwa. Ya tsaya a rumfar Na'Allah ya ce, “Muna son igiya na rataya a gidan yari, mai yawa. Zan dawo Juma'a.” Shi ke nan. Sauran duk kan gogan ne ya ƙarasa.

Badiyya mai tuwo, wadda rumfarta ke jingine da tasa, ta ajiye mara. “Kai Na'Allah, yanzu da ran mutane za ka ci abinci?”

“Yaya Badiyya, ni igiya nake sayarwa. Alƙali ya yanke, wani ya ja. Ina nawa a ciki?”

“To in ba a yanke wa kowa ba fa?”

“Ki daina yi wa kasuwata mugun baki!”

Daga ranar ya maƙale rediyo a kunne. In aka ce kotu ta sallami wani, sai ya yi tsaki ya ce ƙasa ta lalace. In aka ce ɗaurin rai da rai, ya ce alƙalin nan ba ya kishin 'yan kasuwa.

Ga Babbar Sallah ta ƙarato, lokacin da mai igiya ke samun na shekara. Amma Na'Allah shugaban dabara ya kwashe igiyoyin ragunansa kaf, ya musanya su a Apapa da igiyar ɗaure jirgin ruwa, mai kaurin cinyar ɗan dambe. Duk wanda ya zo gaishe shi, wuyansa yake kallo. Har Alhaji Gambo, sarkin dillalai, sai da ya ce masa, “Ranka ya daɗe, irin naka sai an ninka.” Alhaji ya gyara rawani, ya kwashe yaransa suka koma wani layi.

Ranar Alhamis ya ce dole a gwada kaya. Ya sa wa buhun albasa kaftani da hula, ya zarga masa igiya, ya ja shi sama a azarar rumfa. Matan da ke sayar da burodi suka hango, suka watse suna salati da Yarbanci. Azara ta ce ƙaras, rumfa ta rufto, buhun ya sauka a tukunyar miyar Badiyya da hularsa.

“Kin gani?” in ji Na'Allah daga ƙarƙashin kwanon rufi. “Igiyar ba ta tsinke ba.”

Juma'a Oga Gyang ya iso. Ya dubi igiyar, ya zagaya ta, ya taɓa ta da takalmi.

“Oga, wannan ko ƙato ne, ja ɗaya ya gama,” in ji Na'Allah. “Mutum nawa ne a layi?”

“Wane mutum? Fursuna suna wanki, ba wurin rataya wando.”

Badiyya ta riƙe ƙugu. “Shanya yake nufi, uban 'yan kwangila. Shanya.”

Oga Gyang ya sayi siririyar igiyar roba a rumfar gaba ya hau motar danfo. Sallah ta wuce Na'Allah bai sayar da ko taku ɗaya ba, kuma daga Agege har Mile 12 Haunin Wanduna ake kiransa.