Yadda Za Ka Zana Wa Littafi Hotuna Ba Tare Da Ka Karanta Shi Ba

Shekara goma sha bakwai ina koyar da zanen hotunan littafi, ban taɓa ganin wanda karatu ya ƙara wa hannunsa kyau ba. Don haka kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari za ka cika littafi da hotuna, edita ya yaba, kai kuwa idonka bai sha wahala ba. Misalinmu shi ne ɗalibina da ake kira Nan-da-nan, wanda ya bi hanyar nan sau da ƙafa.

Mataki na 1: Karɓi rubutun da hannu biyu

Idan edita ya miƙo maka, auna nauyinsa a tafin hannu, ka gyaɗa kai, ka ce lallai akwai zurfi. Kada ka tambayi abin da ke ciki. Haka Nan-da-nan ya yi da aka ba shi labarin wata marubuciya mai babi goma sha biyu. Yana isa gida ya zare shafi ashirin daga tsakiya ya tokare ƙafar teburinsa, wadda dama ta daɗe tana rawa.

Mataki na 2: Layin farko ya wadatar

Marubuta mutane ne masu son doguwar magana. Abin da za su faɗa suna faɗarsa a layin farko na babi, saura duk jan rai ne. Karanta wannan layi, rufe takarda, ɗauki fensir. Idan an ambaci ruwa, zana kogi. Idan ba a ambaci komai ba, zana mutum ya juya baya yana kallon nesa, wannan hoto ba ya ƙin kowane labari.

Mataki na 3: Ari fuska a gida

Ƙirƙirar fuska aiki ne, alhali ga dangi nan birjik. Babi na ɗaya ya buɗe da wata tsohuwa mai fara'a tana shayar da matafiya ruwa a ƙofar gidanta, sai Nan-da-nan ya ga dama ta samu.

Surukarsa ce damuwarsa. Shekara huɗu da ya auri 'yarta, ba ta taɓa kiran aikinsa aiki ba. In baƙi suka tambaye ta me mijin 'yarta yake yi, sai ta taɓe baki ta ce yana dai nema. Maganar nan tana cin ransa ƙwarai, so yake ko sau ɗaya ne ta faɗi sana'arsa da bakinta. Ya zauna ya ba tsohuwar littafin fuskar surukarsa ba ragi: wushiryarta, tawadar Allah da ke gefen hancinta, har yadda take karkata ɗaurin kai zuwa hagu. Ko makaho ya shafa zai gane ta.

Mataki na 4: Zuba tausayi ko'ina

Babi na tara ya fara da cewa tsohuwa ta fito da sassafe rungume da kaza. Kada ka ce don me, kada ka ce kazar wa. Nan-da-nan ya kwana biyu a kan hoton nan, ya sa kazar ta kwantar da kai a ƙirjin tsohuwa, ita kuma tana murmushi tana waiwaye. Ni kaina da na gani sai da na ce wannan waiwaye akwai hikima a cikinsa.

Mataki na 5: In an buga, kada ka buɗe

A nan ne sababbin shiga ke ruɗewa. Edita zai sa ɗan layi a ƙarƙashin kowane hoto. Ba ruwanka, kai ka yi naka, shi ya yi nasa. Ɗauki kwafin farko da ƙanshin tawadarsa ka kai inda kake neman mutunci.

Nan-da-nan ya kai wa surukarsa nasa. Ta buɗe, ba ta ko nemi tabaraunta ba, ta ga kanta shafi bayan shafi. Ta aika aka kira maƙwabta. A gabansa ta ɗaga littafin ta ce, "Surukina mai zane ne. Shi ya yi wannan."

Bawan Allah ya sunkuyar da kai don kada a ga ƙwalla. Kwana uku yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa.

Mataki na 6: In an kira ka, je ka

A rana ta huɗu matarsa ta je gidansu, uwar ta sa ta karanta musu littafin a tsakar gida, maƙwabta sun kewaye. Da aka zo hoton babi na tara, matar ta karanta layin da ke ƙasa kafin ta ankara: tsohuwa ta sulale da kaza ta bakwai daga akurkin maƙwabciyarta. Ashe ruwan da take ba matafiya hanyar rufe wa mutane ido ce. Wata dattijuwa ta kalli hoton, ta kalli surukar, ta ɗauki takalmanta ta fita ba sallama.

Aka aiko wa Nan-da-nan. Ya tafi yana ta shirya yadda zai ɗora wa edita laifi. Surukar ta kori kowa, ta tura ƙofa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rage murya.

"Wa ya gaya maka?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Shekara talatin ke nan," ta ce. "Kuma ba bakwai ba ne, biyu ne. Su ma da ƙafarsu suka shigo."

To, ga darasin da ya fi kowane. Kada ka kuskura ka ce ba ka karanta ba, za ka zubar da abin da ka samu. Nan-da-nan ya ce, "Inna, daga bakina babu mai ji." Tun ranar, in ya je gidan, kujera mai laushi ake ba shi. Baƙo ko bai tambaya ba sai ta gaya masa cewa surukinta babban mai zane ne, mai ganin abin da ido ba ya gani, tana faɗa tana satar kallonsa.

Gargaɗi

Ni malamin zane ne, ba mai sulhu ba. Duk abin da ya biyo baya, fushin marubuci ne, yajin mata ne, ko gaba da maƙwabta, naka ne kai kaɗai. Kuma ka sani, hanyar nan sai an dace. Idan taka surukar ba ta taɓa ɗaukar kazar kowa ba, kada ka neme ni, ban san ka ba.