Rasuwar Takunkumin Muhibba Mai Goge-goge

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Muhibba Yahuza, mai shara da goge-goge a wata cibiyar killace masu korona a nan Abuja, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar takunkumina, wanda ya cika jiya da hantsi a ɗakin masu tari, yana bakin aiki.

Marigayin ya zo hannuna fari fat, da ɗan ƙarfe a karan hanci. An ce na yini ɗaya ne. Shi kuwa bai san da wannan magana ba, ya yi ta aiki har azumi ya shigo ya fita. Mai haƙuri ne. Ya sha gumina, ya sha warin bilic, ya rufa mini asiri ranar da na yi kuka bayan an fitar da wani dattijo da nake gyara wa gado. Ba shi da surutu, in ban da "fuf, fuf" da yake yi idan ina hawa bene da bokiti. Ya bar mini zane a kumatu, na kuwa yafe masa.

Ya daɗe yana jinya. Igiyarsa ta hagu ce ta fara saki, abokiyar aikina Christina ta ɗinke ta da baƙin zare. Daga baya ya yi laushi, iska ta fara shiga ta gefe. Na kai shi wurin Oga Zacharias mai sito ko zai ba ni sabo, ya dube shi daga nesa ya ce, "Muhibba, ka yi haƙuri, mota yana hanya." Har yau motar tana hanya.

Jiya na sunkuya ina goge ƙarƙashin gado, majinyacin da ke kai ya sarƙe da tari. Sai na ji "tas!" Marigayin ya faɗi cikin ruwan bokiti, ya bar ni da fuska a buɗe.

Ya rasu ya bar safar hannu biyu, ɗaya ta huje, da takalman roba da suka yi mini yawa, da rigar leda mai fama da nata ciwon. Ya kuma bar ni. An ɗauki gwajina, an ce kada in fita ƙofa sai sakamako ya zo. Gida ma babu hali. Tun zuwana nan 'yata Najwa take wurin Inna a Kuchigoro, ɗaki ɗaya, Inna kuwa ga ciwon suga. Da na kira su, Najwa ta ce, "Mama, in kawo miki ɗankwalina ki ɗaura?" Na ce ta ajiye, babu mota a hanya, an rufe gari.

Ba za a yi wa marigayin wanka ba, ya sha wanka a rayuwarsa fiye da yadda likita ya yarda. Za a sa shi a jar leda a kai shi wurin ƙona shara na bayan cibiya yau bayan la'asar. Christina ce za ta raka shi, ni zan tsaya a taga. Ana roƙon jama'a kada su taru. Mai ta'aziyya ya tsaya a bayan gilashi ya ɗaga hannu, zan gani. Wanda kuma yake da sabon takunkumi, ya ba Christina, don gobe da safe ita za ta shiga ɗakin, nata ma igiya ɗaya ta rage.