Zoben Uban Gilashi

Allah ya yi wa masana'antar nan gata da ya ba ta Uban Gilashi, shugaban sashen dubawa. In ka ji shi yana bayani, sai ka rantse shi ya koya wa yashi narkewa.

Aikin ba ya son wasa. A narka yashi a tanderu, ruwan gilashin ya cika kwami ya tumbatsa ta gefe biyu, ya haɗe a ƙasa, injina su ja shi har ya fi gashin kai siranta, a naɗe shi kamar bandir ɗin yadi. Ƙarzane ɗaya a bakinsa ya isa ya kashe shi. Shi ya sa Uban Gilashi ya rubuta doka a ƙofa da hannunsa mai albarka: a sa safar hannu, a cire zobe. Amma wanzami ba ya son jarfa. Zobensa mai dutse kamar ƙwan tantabara bai taɓa ganin wajen yatsa ba, safa kuwa ba ta shiga a kansa.

Kujerar mataimakin manaja ba kowa a kai, kuma manaja ya ce ba zai ɗora kowa ba sai ya ga yadda aka tarbi baƙi masu ƙera wayar da ake ninkewa. Mutuminmu har ya sayo wa kujerar matashi.

Ran da baƙin suka zo, dattijuwar da ke kan injin naɗi ta raɗa masa, "Ranka ya daɗe, zoben."

"Iya, gilashi ya san ubansa."

Ya ɗauki falle ɗaya na gilashin, ya gyara murya. "Manyan baƙi, shekara ashirin ina rainon wannan yaro. Ni kaɗai yake jin maganata!" Ya shafa bakin fallen cikin ƙauna, dutsen zoben ya yi ɗan ƙiii. Ya lanƙwasa.

Tas!

Yaro ya ƙi uba a gaban mutane. Iya ta matso. Ta ɗauki wani fallen da safarta, ta naɗe shi kamar takarda, ta warware, baƙi suka tafa. Kujera ta tafi wurinta, har da matashin.

Yanzu Uban Gilashi yana bakin ƙofa riƙe da faranti, yana karɓar zobban masu shiga. Ya ce ƙarin girma ne, tunda ko manaja ba ya wucewa sai ya miƙa masa hannu.