Zakaran Keken Hanyar Ajingi

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da mutanen Kano suka zo Gaya takanas don su ga zakaran keke ba. Zakaran kuwa ni ne. (Ku yi haƙuri, ni ma da na faɗa sai da na ji nauyi.)

Daga asibiti abin ya faro. Likita ya auna ni, ya kalli tumbina, ya ce jinina ya hau, kuma in dai zaman kujerar ofis da tuwo malmala biyu zan ci gaba da yi, to in shirya. Gudu dai ba nawa ba ne a shekaruna, sai na sayi keke na hannu, irin mai giya. Abokin aikina Malam Sabo ne ya saka min wata manhaja a waya, ya ce GPS zai riƙa bin sawuna yana zana duk inda na bi a taswira. Ya kuma nuna min cewa mahaya sukan ware wani yanki na titi su mai da shi zangon tsere. Duk wanda ya bi ta wurin, manhajar za ta auna lokacinsa ta jera shi da sauran, wanda ya fi kowa sauri ta ɗora masa kambu.

A hanyarmu ta Gaya zuwa Ajingi akwai irin wannan zango, 'yan wata ƙungiyar keke ta Kano ne suka ware shi. Titin yana yin wani dogon lanƙwasa a wurin, yana zagaye wani kududdufi da gonakin gyaɗa. Kullum na bi, sunana yana can ƙasan jeri, inda sai ka gaji da jan allo kafin ka same shi. Na saba, har na daina dubawa.

Wata safiya na dawo gida a gajiye kamar kullum, na zube a tabarma, sai waya ta yi ƙara. Kambu ne. Ni ne na ɗaya, har na tsere wa wani Injiniya Kabiru, wanda ya daɗe a saman jerin. Gaskiya ya kamata in yi shakka, domin a ranar wani dattijo da buhun gero a bayan kekensa ya wuce ni, har ya yi min sannu. Amma sai na ce a raina ai iska ce ta turo ni daga baya.

Matata Hadiza ta karɓi wayar ta duba, ta dube ni. "Baban Aisha, kai da in ka ɗaura igiyar takalmi sai ka huta?"

Na ce mata tauraron ɗan'adam ne ya auna, kuma shi ba ya son kai.

Kafin la'asar na nuna wa 'yan ofis, na nuna wa mai shayi, na tura hoton kambun zauren danginmu na waya. Daga nan labari ya isa Ajingi wurin surukina, Alhaji, mutumin da tun da na auri 'yarsa yake min kallon wanda ba ya iya ɗaga abin da ya fi biro nauyi. Da kansa ya kira ni. "Malam, an ce ka zo na ɗaya a jihar Kano?" Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Na ce, "Sai godiya, Baba." (Wannan "sai godiya" ita ta kai ni ta baro.)

Ba a jima ba saƙo ya shigo daga Injiniya Kabiru. Ya taya ni murna, ya ce shi da abokansa za su zo ranar Asabar su ga wannan gwani da idonsu, mu hau tare har Ajingi. Malam Sabo ya ce in ce musu zazzaɓi nake yi. Na ƙi. Na sayi hular kwano, na sayi matsattsen wandon nan na 'yan tseren keke, amma na ɗora wandon yadina a kai, don Gaya ba Kano ba ce. Alhaji kuwa da ya ji, sai ya ce a ƙofar gidansa za a sauka. Ya sa aka dama fura, aka shimfiɗa tabarmi, ya gayyato maƙwabta su zo su ga surukinsa.

Asabar da safe suka iso, samari sirara, da kekunan da yatsa ɗaya zai ɗaga. Injiniya ya dubi kekena, ya dubi cikina, ya sake duban wayarsa. Mutum ne mai ladabi, abin da ya ce kawai shi ne, "Yallaɓai, kai ne?" Na ce ni ne. Don girmamawa suka sa ni a gaba.

Na taka feda iya ƙarfina. Ban bar ganin gidajen Gaya ba ƙirjina ya fara zafi, numfashina ya koma kamar na zugazugi. Suka fara wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, "Yallaɓai, ajiye ƙarfi kake sai an zo zangon ko?" Na ɗaga masa kai, don babu iskar yin magana. Kafin in kai lanƙwasar kududdufin sun ɓace min gaba ɗaya, ƙafata ta dama kuma ta riƙe. Na lallaɓa na sauka, na zauna a gindin wata ɗorawa ina tunanin rayuwata.

Babu mota, babu babur. Can sai ga amalanken shanu ɗauke da harawa. Mai shi ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya? In Ajingi za ka, hau mana." Muka ɗora keken, na haye kan harawar. Na roƙe shi ya sauke ni kafin shiga gari, da nufin in ƙarasa da ƙafata kamar mutumin kirki. Ya ce to. Sai dai harawa da laushi, ga iska, ga gajiya. Barci ya ɗauke ni.

Muryar Alhaji ce ta tashe ni, yana cewa a shiga da ita ta ƙofar baya. Ashe harawar tasa ce, ta awakin gidansa. Na buɗe ido na ga kaina a ƙofar gidan surukina, kwance a kan abincin awakinsa, da hular kwano a karkace, ga mutanen Kano a tabarma suna shan fura, ga maƙwabta cike.

A daidai wannan lokacin wayata, wadda na manta ban tsayar da manhajarta ba, ta ɗaga murya daga aljihuna. Muryar mace ce, da Turanci, cikin fara'a, tana taya ni murnar cewa yau na hau tudun shiga Ajingi da saurin da ban taɓa yi ba. Wani daga cikin maƙwabtan ya tambayi me ta ce. Aka samu mai fassara masa. (Kullum ana samu.)

Da dariya ta lafa, Injiniya ya karɓi wayata ya buɗe taswirar ranar da na ci kambu. Layin tafiyata bai bi lanƙwasar titin ba. Ya miƙe ne ɗoɗar ta cikin gonakin gyaɗa da tsakiyar ruwa. Ya yi bayani a hankali, cewa GPS ɗin wayar ne ya rikice, ya cilla ni ƙarshen zangon tun ina farkonsa, manhajar ta ɗauka na iso.

Alhaji ya leƙa allon. "Wato ta cikin kududdufi ya bi?"

Injiniya ya ce, "Wayar ce ta bi, Baba. Shi yana kan titi."

Alhaji ya jinjina kai, ya dube ni ina kaɗe ganyen wake daga wuyana, ya ce, "Ku ba shi fura, ya sha hanya." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A ranar aka cire min kambun, na koma gidana na ƙasan jeri. Har yanzu ina hawa keke, a hankali, wayar kuma a kashe. In na wuce ta Ajingi, masu amalanke sukan tsaya su tambaye ni ko ina son a rage min hanya, kuma da zuciya ɗaya suke yi.

Abin da na koya bai da yawa. In wani abu ya yabe ka da abin da kai kanka ba ka tuna ka yi ba, to ka bincika da wa yake kafin labari ya kai gidan surukai.