Rigar Mala'ika da Famfon Uban Ruwa

Jama'a, ranar Laraba da hantsi ina zaune ina kankarar kwakwa, sai matata Fuatino ta ƙwalla ihu daga wajen famfo. Na zabura a guje, na ɗauka alade ne ya faɗa lambu. Na tarar da ita riƙe da farar rigar 'yarmu Lanuola. Na ce fara ne don a haka ta shiga bokiti. Abin da ya fito kam kalar shayi ne, irin wanda aka yi wa rowar madara.

Ga Farar Lahadi ta ƙarato, ranar da yaranmu ke tsayawa gaban coci cikin fararen kaya fes, su kawo abin da suka haddace, mu iyaye muna ta hura hanci. Bana kuwa Lanuola aka zaɓa ta fito a matsayin mala'ika. Tun watan jiya take bita, har kajin gidanmu sun iya. Matar fasto kuma ta faɗa ba da wasa ba: mala'ika mai dauɗa ba za ta hau mata dandamali ba, akwai wata yarinya a layi.

Da can matan ƙauyenmu a marmaron bakin teku suke wanki, su shanya a kan baƙin dutse, kaya su yi fari har ido ya ƙi kallo. Sai Allah ya yi mana baiwa da Mai Girma Uban Ruwa, Gatan Masu Ƙishirwa, shugaban kwamitin ci-gaban yankinmu. Ya ce wanki a marmaro abin kunya ne a gaban baƙi masu ɗaukar hoto. Ya kewaye wurin da waya, ya danna kwaɗo, ya kawo mana famfo. Madalla da wannan hangen nesa! Bututun dai maƙwabcina Peniamina ya rantse ya girmi kakarsa, kuma tsatsar cikinsa kyauta ake raba mana, ba a taɓa yi mana gori ba.

Na ce da Fuatino ta matsa, yau za ta ga aikin maza. Na ɗauko kwalbar bilic, ruwan nan mai sa kaya fari, na tuttula rabi. Kafin in gama yabon kaina riga ta koma kalar nunanniyar gwanda.

"Tolo!" ta kira sunana. "Bilic a kan tsatsa?" in ji ta. "Wallahi kai ma ka isa a sa ka a kwamiti."

Ta matse lemon tsami, ta barbaɗa gishiri, ta shimfiɗa rigar a ciyawa rana ta doke ta. Zuwa la'asar tabon ya fita, har Lanuola ta yi tsalle. To da me za a ɗauraye? Da ruwan Mai Girma mana. Aka ɗauraye, aka koma gidan jiya. Sama kuwa ko ɗigo ta ƙi ba mu.

Duk ƙauyen nan mutum ɗaya ke da babban tankin ruwan sama, kun kuma san ko wane ne. Shi ba ya shan na famfo, don kada ya rage wa talakawa. Na ce zan je in roƙi bokiti guda, in kuma faɗa masa gaskiya. Amma irina marar sarauta ba ya buɗe baki gaban manya, sai da mai magana a madadinsa. Na ɗauki Peniamina.

"Bar ni da shi," in ji Peniamina a hanya. "Yau sai ya ji kunya."

Muka shiga a sunkuye, muka tanƙwashe ƙafa a tabarma. Peniamina ya gyara murya. Ya gai da sarautar Mai Girma, ya gai da ta mahaifinsa, ya gai da ginshiƙan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Mai Girma inuwa ne, Mai Girma raɓar asuba ne. Ƙafata ta mutu. Na zungure shi na raɗa masa, "Bokiti!" Sai ya ɗaga murya: "Game da ruwa kuwa, ranka ya daɗe, bakinmu ya yi kaɗan!"

Mai maganar Mai Girma ya karɓa. Ya ce an ji godiyarmu, ta kuma shiga zuciya. Tunda muna ƙaunar aikin haka, gidana zai kawo alade ranar bikin tunawa da buɗe famfo. Jama'a, da bakin nan nawa na ce na gode.

"Ina ruwan?" in ji Fuatino da na dawo.

"An ce mu kawo alade."

Ta juya mini baya, ta ci gaba da aikinta. Gara a ce zagina ta yi.

Ranar Asabar na hangi Lanuola a bayan ɗaki, ta buɗe hannuwa kamar fukafukai tana bitarta a hankali. Da ta gan ni ta sauke su. "Baba, ko ban hau ba ba komai," in ji ta. "Ai na dai iya." Wallahi maganar nan ta soke ni. Raina ya ɓaci har na rasa inda zan sa kaina.

Fuatino ta wuce mu, ta buɗe akwati, ta zaro farin zanen cocina, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, da farar kwat ɗina. Tun zuwan famfo ba su ga ruwa ba, saboda kullum cewa nake ba su yi datti ba, ita kuma tana kirana ƙazami.

"Fuatino, su ke nan gare ni fa!"

"Na sani," in ji ta, ta ɗauki almakashi da allura.

Namiji dai ba ya shiga cocinmu da riga mai furanni, balle ran Farar Lahadi, ita kuwa kaɗai ta rage mini. Don haka a waje na tsuguna, a gindin taga, ina leƙe. Coci ya cika da yara kalar shayi, wasu da madara, wasu babu. Sai ga Lanuola ta hau, fara sol. Muryarta ko rawa ba ta yi ba, kalma ɗaya ba ta kuskure ba. Na yi kuka, ban kuma damu da wanda ya gan ni ba.

Ana gamawa Mai Girma ya miƙe daga kujerar gaba. Ya kamo hannun yarinyar, ya juyo da ita gaban jama'a.

"Ina masu yawo da baki, wai ruwanmu yana ɓata kaya?" in ji shi. "Ku dubi rigar nan! Wanda nasa bai fita ba, matarsa ce ba ta iya wanki ba."

Aka tafa, har da matan da aka zaga. Ni ma na tafa daga waje, tunda 'yata ce a tsaye.

Roƙona ɗaya ga Gatan Masu Ƙishirwa: tunda zanena ne ya wanke sunan ruwansa, ya taimaka ya ara mini nasa. Har yanzu ta taga nake jin wa'azi, kuma tururuwan wurin ba sa hutun Lahadi.