Gwazar Madam

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na kashe shukar da aka ce ba ta mutuwa. Shekarar fari ce, lokacin mulkin soja, kogin Yamai ya janye har mutane na tsallaka shi da ƙafa. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne mai buga takardu a wani biro, wato ofishin gwamnati, ɗan ƙauye daga wajen Tasawa.

Shugabarmu, wadda muke kira Madam, tana da wata shuka da ta kawo daga Abijan, mai faffaɗan ganye kamar kunnen giwa, a tukunya bayan teburinta. Da za ta tafi rangadin rabon hatsi na wata biyu, sai ta tambayi wa zai kula da ita. Na yi zumbur na ce, "Madam, ni ɗan manomi ne." (Ba wanda ya tambaye ni sana'ar babana.)

Ta ce, "Ba ta da wuya. Inuwa take so. Ruwa kofi guda a mako, shi ma sai ka taɓa ƙasar ka ji ta bushe. Ka riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma."

Na ce to, amma a raina na ce kofi guda ai rowa ce. A kwanakin nan duk wasiƙar da ta zo daga gida labarinta ɗaya: gero ya ƙone, rijiya ta ƙafe, saniya kaza ta kwanta. In na gama karantawa sai in ɗauki buta in kwarara wa shukar, safe da yamma, kamar gonar babana nake shayarwa. Ganye ya fara rawaya, na ce ƙishi ne, na ƙara. Da tukunyar ta fara wari sai na fitar da ita rana ta sha iska. Kwana biyu ta zama tsumma.

A zamanin nan kuwa ana korar mutum kan abin da bai kai wannan ba, kuma albashina ne ke ciyar da gidanmu. Na garzaya lambunan Gamkalley da busasshen ganye a hannu. Wani mai lambu ya dube shi, ya tuge mini gwaza, ya ce, "In ba a matso ba, uwarsu ɗaya." Na dasa ta, na goge ganyen har yana sheƙi, na yaba wa kaina.

Ranar da Madam ta dawo, tare ta shigo da wani komanda mai duba ofisoshi. Muka jeru tsit. Ashe Kawu Mati, ƙanen mahaifiyata, wanda shanunsa suka ƙare ya zo ya raɓe a sansanin 'yan gudun yunwa na Lazaret, yana bakin ƙofa yana jirana. Da ya hango ni sai ya yi sallama ya shigo, ya rame har ban so na gane shi ba. Idonsa ya faɗa kan tukunyar, fuskarsa ta washe.

"Kai, ɗan nan, ashe gwaza kake nomawa a wurin aiki! Allah ya yi maka albarka. In ta nuna ka tuna da yaran, kwana biyu ke nan dusa muke dafawa."

Komanda ya juyo ya dube ni. Madam ta matsa, ta shafa ganyen. Ni dai na zuba wa takalmina ido.

"Tawa fa?" ta tambaya a hankali.

"Na... na shayar da ita ne, Madam."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Komanda ya ce a ci gaba da aiki, ya fita. Madam ta ce in ɗauki tukunyar in raka kawuna, ta sa aka ba shi tiya biyu ta dawa daga gidanta. Haka na ratsa gari da tukunya a ka, Kawu na bayana yana ta sa wa Madam albarka, yana tambayata ko wani laifi ya yi.

Ba a kore ni ba, amma har na bar biron nan sunana Mai Gwaza. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa 'yan birni ƙarya da ganye, ka tabbata ba mai jin yunwa a kusa, don shi ba ya kasa gane abinci.